IDO A SAMA, ƘAFA A ƘASA: Jawabi Kan Wasan Alkafura da Ƙananan Jiragen Jet Masu Sarrafuwa Daga Nesa



A wasu filaye na bayan gari a ƙasashen Jamus da Ingila da Amurka, ranar hutun ƙarshen mako, akan ga mutum zaune bisa kujera, ya rufe idanunsa da wani irin tabarau mai kauri, yana riƙe da ɗan akwati mai sanduna biyu. Kansa yana juyawa dama da hagu kamar mai cigiya, alhali kuwa ba abin da yake gani na filin da yake zaune a ciki. A can sama kuma ga wani ƙaramin jirgi, wanda tsawonsa bai wuce tsayin mutum ba, yana keta iska da ƙara irin ta jirgin yaƙi. Ya miƙe sama, ya yi alkafura, ya mirgina, sa'an nan ya sulalo kamar shirwa ta hango ɗan tsako. Mutumin da ke kan kujerar shi ne matuƙin jirgin. Jikinsa yana ƙasa, amma ganinsa yana cikin jirgi.

Hotunan irin wannan wasa yanzu suna isowa wayoyin hannu a ko'ina cikin ƙasar nan, kayan yin sa kuma ana iya sayo su daga ƙasashen waje ta intanet. Saboda haka ya kamata jama'a, musamman samari da iyayensu, su san yadda abin yake aiki, da irin ilimin da ke cikinsa, da haɗarinsa, da kuma abin da doka ta ce a kansa.

JIRGIN DA INJINSA

Ƙananan jiragen jet iri biyu ne. Na farko yana aiki da batir. A cikin jikinsa akwai fanka mai ƙarfi wadda aka saka cikin bututu, tana zuƙo iska daga gaba tana feso ta baya. Wannan shi ne mafi araha, kuma da shi yawancin masu koyo ke farawa, sai dai batirinsa ba ya jimawa. Cikin minti uku zuwa biyar tilas a sauko.

Na biyu yana da injin jet na ainihi, wanda ke aiki bisa ƙa'ida ɗaya da na manyan jirage. Injin yana zuƙo iska ya matse ta, ya gauraya ta da kananzir, ya cinna mata wuta; iskar mai zafi ta fita da ƙarfi ta baya, ta tura jirgin gaba. Akan zuba ɗan man inji cikin kananzirin, kimanin kashi 5 cikin 100, domin ƙarafan da ke juyawa su sami santsi. Irin wannan inji, wanda za a iya riƙe shi da hannu ɗaya, yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, iskar da yake fitarwa kuwa zafinta yakan haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyos.

Ba manyan kamfanoni ne suka fara ƙera shi ba. A ƙarshen shekarun 1980 wani Bajamushe mai suna Kurt Schreckling ya haɗa ɗan injin jet a gida. Fankar matse iska da katako ya yi ta, ya ɗaure ta da zaren kabon don kada ta tarwatse, jikin injin kuma ya yi shi da gwangwanin gas na girki. Daga baya ya rubuta littafi ya bayyana yadda ya yi, mutane da yawa suka bi sawunsa, har abin ya zama sana'a. A shekarar 2017 wani Bajamushen, Niels Herbrich, ya kafa tarihi da ƙaramin jirgin jet da ya yi gudun kilomita 749 cikin sa'a. Wannan na gwanaye ne masu neman kafa tarihi. A Amurka, babbar ƙungiyar masu wasa da ƙananan jirage ta ƙayyade wa 'ya'yanta cewa kada jirgi mai injin jet ya wuce mil 200 cikin sa'a, watau kimanin kilomita 320, kuma ba ta barin kowa ya tuƙa shi sai ya nuna ƙwarewarsa an ba shi shaida.

TABARAU, IDON MATUƘI

Shekaru da yawa ana tuƙa ƙananan jirage ne da ido kawai. Mutum ya tsaya a ƙasa yana kallon jirginsa daga nesa, yana aika masa umurni ta rediyo. Wannan hanya tana da wahala guda wadda kowane sabon shiga yakan yi tuntuɓe da ita: sa'ad da jirgi ya juyo yana fuskantar mai shi, damarsa ta zama hagun mai tuƙi, hagunsa ya zama dama. Jirage da yawa sun fāɗi saboda wannan rikicewa.

Sabuwar hanyar, wadda ake taƙaita sunanta da haruffa uku, FPV, ma'anarta gani daga mazaunin matuƙi. Akan kafa 'yar ƙaramar kyamara a hancin jirgi ko a inda matuƙi zai zauna. Kyamarar ta miƙa hoto ga wata na'ura mai watsawa, na'urar ta aiko shi ƙasa, ya bayyana a cikin tabarau nan take. Hanyoyin rediyo biyu ke aiki tare: yawanci umurni yana tafiya sama bisa zangon gigahaz 2.4, hoto kuma yana saukowa bisa zangon gigahaz 5.8, don kada su cuɗe da juna. A kan hoton akan rubuta wa matuƙi wasu alƙaluma, kamar tsayin da jirgi ya kai, da gudunsa, da ƙarfin da ya rage a batir, da wani layi mai nuna mahaɗar sama da ƙasa. Wasu kan ƙara wata na'ura a jikin tabarau wadda ke bin motsin kai: in matuƙi ya waiwaya hagu, kyamarar da ke cikin jirgi ita ma ta waiwaya hagu, ya ga fiffikensa da gonakin da ke ƙarƙashinsa.

Da can hoton irin na tsohuwar talabijin ne, mai yawan yashi-yashi. Tun daga shekarar 2019, lokacin da kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fito da tabarau mai hoto tar, abin ya sake kama. Amma kowane iri yana da halinsa. Tsohon irin yakan yi ta dusashewa a hankali in jirgi ya yi nisa, ya zama gargaɗi ga matuƙi. Sabon irin kuwa yakan riƙe kyansa har kusa da iyakarsa, sa'an nan ya daskare ko ya ɗauke.

WASANNIN DA AKE YI

Wasan alkafura da jirgi ya girmi duk masu yin sa a yau. A shekarar 1913 wani hafsan sojan Rasha, Pyotr Nesterov, ya zama mutum na farko da ya kewaya da jirgi a tsaye ya yi cikakkiyar da'ira, a birnin Kiyef. Shugabanninsa suka fara hukunta shi don ya yi kasada da kayan gwamnati, daga baya ne aka yaba masa. Ƙananan jirage sun gāji waɗannan wasanni duka da sunayensu.

Na farko shi ne da'ira: jirgi ya ɗaga hanci ya haura, ya kife a can ƙololuwa cikinsa yana kallon sama, ya gangaro ya koma inda ya fara. Na biyu mirgina ce: jirgi yana tafiya gaba sosai, amma yana juyawa kamar tsinken tsire a hannun mai gashi. Daga waɗannan biyu ake haɗa sauran. In aka yi rabin da'ira zuwa sama, sa'an nan aka yi rabin mirgina aka daidaita, jirgi ya juya baya ke nan kuma ya ƙara tsayi. Ana kiran wannan juyin Immelmann, da sunan wani matuƙin Jamus na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kishiyarsa ita ce a fara kifewa, sa'an nan a yi rabin da'ira zuwa ƙasa. Akwai kuma wanda ake kira takwas ta Kuba, inda jirgi ke zana lamba 8 a kwance. Wani matuƙi ɗan Sifen, José Luis Aresti, shi ne ya tsara alamomin da ake rubuta waɗannan wasanni da su, kuma ƙungiyar wasannin sama ta duniya, wadda aka kafa a birnin Faris a 1905, ta karɓe su a shekarun 1960.

Mai tabarau yana da sa'a guda a nan. Damarsa dama ce kullum, hagunsa hagu ne, ko jirgi na tafiya ko yana dawowa. Yana iya ganin ko fukafukansa sun daidaita da mahaɗar sama da ƙasa, abin da mai kallo daga nesa sai dai ya kintata. Wannan daɗi shi ne ke jawo mutane, kuma shi ne ke ruɗinsu.

ABIN DA TABARAU KE ƁOYEWA

Matuƙin babban jirgi ba da ido kaɗai yake tuƙi ba. Jikinsa duka yana ba shi labari. In ya ja sanda da ƙarfi, zai ji nauyi ya danne shi a kujera. In jirgi ya kusa kāsa ɗaukar kansa, zai ji yana karkarwa. Mai tabarau ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ga misali. Jirgin da ke gudun kilomita 250 cikin sa'a, in aka sa shi ya yi da'ira mai faɗin mita 100, nauyin da ke kan fukafukansa a gindin da'irar ya haura ninki goma na nauyinsa. Matuƙan jiragen yaƙi, da horonsu da rigarsu ta musamman, iyakarsu wajen ninki tara ce. Amma mai tabarau yana zaune lafiya lau, bai san fiffike yana gab da karyewa ba. Kuma in gudu ya ninka sau biyu, wannan nauyi sau huɗu yake ninkawa.

Abu na biyu shi ne lokaci. Jirgin da ke gudun kilomita 300 cikin sa'a yana cin mita 83 a kowane sakan. Hoto yakan ɗauki wajen kashi 30 cikin 1,000 na sakan kafin ya iso ido. Kafin nan jirgi ya riga ya wuce mita biyu da rabi. Mutum kuma yana bukatar kimanin rubu'in sakan tsakanin gani da motsa yatsa, watau wasu mita 20 ke nan. Bugu da ƙari, kyamarar tana da ido mai faɗi, wanda ke sa abu ya yi kamar yana nesa alhali ya matso. Itace ko wayar lantarki da ta bayyana ƙarama a cikin tabarau, kafin ƙiftawar ido an cim mata.

Abu na uku, ɓatan kai. Sa'ad da jirgi ya miƙe sama sosai a farkon da'ira, ba abin da ke cikin tabarau sai shuɗin sama. Babu ƙasa, babu itace, babu alama. In kuma hancin ya fuskanci rana, hoton ya wanke fari fat. A cikin waɗannan 'yan sakan ne matuƙi kan mance inda ƙasa take. Gwanaye sukan waiwaya su dubi bakin fiffike don su sami mahaɗar sama da ƙasa a gefe, kamar yadda matuƙan manyan jirage ke yi, ko kuwa su dogara ga layin da na'ura ta zana musu. Wasu mutane kuma jiri ne ke ɗibarsu, domin ido yana cewa ana juyawa, kunne yana cewa ana zaune. Shi ya sa ake tuƙi a zaune, ba a tsaye ba.

Abu na huɗu, yankewar hoto. Jirgin da ke mirgina eriyarsa ma mirgina take yi, wani lokaci kuma jikin jirgin, ko inji, ko tankin mai, ya shiga tsakaninta da mai tuƙi. Zaren kabon da ake ƙarfafa jirage da shi ma yana tare saƙon rediyo. Don haka ake amfani da eriya ta musamman mai aika saƙo a murɗe, wadda ba ta damu da kifewar jirgi ba, kuma akan sa eriya fiye da ɗaya. Duk da haka hoto yakan ɗauke, kuma ya fi ɗaukewa a tsakiyar wasa, daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Shi kansa injin yana da nasa hali. Ba ya amsa kira nan take. Daga ƙaramin gudu zuwa cikakken ƙarfi yakan ɗauki 'yan sakan. Wanda ya kife ya nufo ƙasa ba tare da isasshen tsayi ba, inji ba zai cece shi ba. In kuma ya firgita ya fizgi sanda, iskar da ke bin bayan fiffike ta rabu da shi, ɗagawa ta ƙare, jirgi ya zube ko da yana cikin gudu. Haka nan sa'ad da jirgi ke kife, mai yakan bar bakin bututu, kumfar iska ta shiga, wuta ta mutu. Saboda wannan ne ake saka ɗan ƙaramin tanki na biyu mai tare kumfa.

ƊAN JAGORA

Wanda ya sa tabarau ya zama makaho ga duk abin da ke kewaye da shi. Ba ya ganin yaro da ya shigo fili, ba ya ganin garken shanu, ba ya ganin jirgi mai saukar ungulu da ya ɓullo ta bayansa. Makaho kuwa ba ya shiga kasuwa sai da ɗan jagora. Don haka dokokin Amurka da Ingila da na Tarayyar Turai suka wajabta cewa mai tuƙi da tabarau ya kasance da mutum a gefensa, wanda ba zai ɗauke ido daga kan jirgin ba tun daga tashi har sauka. Aikinsa ne ya faɗi in jirgi ya yi nisa, ko ya yi ƙasa, ko wani abu ya shigo. Inda aka fi kiyayewa, shi ma ɗan jagoran gwani ne, yana riƙe da nasa akwatin wanda aka haɗa da na matuƙi, domin ya karɓi tuƙi da zarar hoto ya ɗauke. Dalili kuwa shi ne, wanda ya cire tabarau a firgice, hasken rana zai kashe masa ido, kuma kafin ya gano inda jirginsa yake a sararin sama, aikin gama ya gama.

Kada a ce ai abin wasa ne. Jirgi mai nauyin kilo 10 da ke gudun kilomita 250 cikin sa'a, ƙarfin bugunsa daidai yake da na mota mai nauyin tan ɗaya da ke gudun kilomita 25, ga shi kuma duk ƙarfin ya taru a hanci mai tsini, ga kananzir, ga inji mai zafi. Saboda haka filayen ƙungiyoyi suna da ladubbansu. 'Yan kallo suna bayan wani layi, ba a ratsa kansu, ba a kuma nufo su da jirgi. Ba a tayar da inji sai da tukunyar kashe gobara a kusa. Kafin tashi akan gwada nisan da rediyo ke kaiwa, a kuma shirya na'ura yadda in saƙo ya yanke inji zai mutu da kansa. Batir ɗin waɗannan jirage shi ma yana kama wuta in ya huje ko aka cika shi fiye da kima, don haka ba a barin sa a kan caji a tafi barci. A ƙasar nan akwai ƙarin abin lura: lokacin hunturu ciyawa a bushe take, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gona da rumbu, hazo kuma yana ɓoye jirgi daga idon ɗan jagora.

YADDA AKE KOYO

Ba a fara hawa da ingarma. Mai hankali yakan fara da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta, inda zai fāɗi sau ɗari ba tare da asarar kobo ba. Daga nan ya koma ga jirgin soso mai farfela, marar nauyi, marar gudu, ya koyi tashi da sauka da ido tsirara tare da malami. Sai ya iya wannan sosai zai sa tabarau, a kan wannan jirgin dai marar gudu. Bayan haka ne zai taɓa jet mai batir, injin kananzir kuwa shi ne ƙarshe. Masu wannan wasa suna da wata ƙa'ida, cewa kowane sabon salo a gwada shi a tsayin kuskure uku, watau tsayin da mutum zai yi kuskure, ya sake yi wajen gyara, ya kuma sake, amma har yanzu da sauran sarari tsakaninsa da ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN DA DOKA TA CE

Sararin sama hanya ce mai dokoki kamar titi. A Amurka iyakar tsayin da aka yarda wa mai wasa a yawancin wurare ƙafa 400 ce, a Tarayyar Turai mita 120. Da'ira ɗaya ta jet tana iya cinye wannan tsayi kusan duka, shi ya sa ake yin wasan a filayen ƙungiyoyi da hukuma ta sani, inda wani lokaci akan ba da izinin wuce iyakar. Abin da ya faru a filin jirgin saman Gatwick na Ingila a watan Disamba na 2018 ya isa darasi. Rahoton ganin jirage marasa matuƙi kusa da filin ya sa aka rufe shi, abin ya shafi tashi da saukar jirage wajen 1,000 da fasinjoji kimanin 140,000.

A Nijeriya, tun shekarar 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa ta yi shelar cewa ba a yarda kowa ya tayar da jirgi marar matuƙi a sararin ƙasar nan ba sai da izininta da na Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Shigo da irin waɗannan kaya ma yana bukatar takardar shaida daga wannan ofishi. Saboda haka duk mai sha'awa ya fara tuntuɓar hukumar, ya ji sharuɗɗan da ke aiki, kafin ya kashe kuɗinsa. Ya nisanci filayen jiragen sama, da barikokin soja, da gidajen gwamnati, da kasuwanni, da makarantu, da duk wani taron jama'a. A halin tsaron da ake ciki, jami'in da ya ga baƙon abu yana shawagi ba shi da hanyar sanin ko wasa ne ko sharri. Kyamarar da ke leƙa cikin gidajen mutane kuwa keta haddi ce, ko an yi da niyya ko ba a yi ba.

KAMMALAWA

Ba a yi wannan bayani don a kashe wa samari gwiwa ba. Yaron da ya haɗa ƙaramin jirgi da hannunsa ya koyi lissafi, da aikin lantarki, da halin iska, da haƙuri. Irin wannan ilimi ne ake zurfafawa a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, kuma shi ne ya kai Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya ga fito da jirginta marar matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna a 2018. Iyaye da malamai su ƙarfafa mai wannan sha'awa, amma su tabbata ya bi mataki-mataki, yana da malami, yana da ɗan jagora, yana da izini.

Tabarau yana kai ido sama, amma ba ya kai sauran jiki, kuma ba ya ɗauke alhaki. Alhakin yana nan ƙasa, a wuyan wanda ke zaune kan kujera. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai fāɗo. Abin da ya rage ga mai jifa shi ne ya san inda zai sauka tun kafin ya saki dutsen.